Sabuwar Talabijin a Tsohon Gida: Bayani a Kan Igiyoyi da Faɗin Hoto

 

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da sojojin Sudan suka ƙwato tsakiyar birnin Khartum daga hannun dakarun RSF, iyalai suke ta komawa gidajensu a Khartum da Bahri da Umdurman. Wasu daga Fort Sudan suka dawo, wasu daga Gadarif da Kasala, wasu kuma daga Masar. A cikinsu akwai Hausawa masu yawa, jikokin mahajjatan da suka yada zango a kan hanyar Makka da na waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da mafi yawansu suka tarar iri ɗaya ne: ƙofa a ɓalle, ɗaki wayam, a wasu unguwannin har wayoyin lantarki an zare su saboda jan ƙarfen da ke ciki. Idan an gama da gado da tukunya da ruwan sha, sai magana ta zo kan talabijin. Wani zai ce ba lokacinta ba ne. Mu dai mun san gidan da yake da ɗa ko 'ya a Kurdufan ko Darfur ba ya kwana sai ya ga labarai, kuma tsohuwar da gwiwa ta hana ta fita tana samun natsuwa idan ta kalli sallar Harami. To tunda za a saya, kuma da kuɗin da aka tara da gumi, ya kamata a san abin da ake saya da yadda ake haɗa shi.

Umdurman ita ce mahaifar talabijin a wannan ƙasa. A nan aka buɗe gidan rediyo a 1940, a nan kuma talabijin ta fara aiki a 1962, a bakin kogin Nilu. Dakarun RSF sun mamaye ginin a farkon yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, tashar ta koma watsa shirye-shiryenta daga Fort Sudan, sai a watan Maris na 2024 sojoji suka karɓe shi. Mun kawo wannan tarihi ne domin abu guda: duk abin da aka ɗauka a wannan gida tsawon shekaru masu yawa, da duk kasetin tafsiri da na biki da ke cikin akwatunanmu, an ɗauke su ne domin tsohuwar talabijin mai ƙugu a baya. Sabuwar da ake sayarwa yau siffarta dabam ce, kuma daga nan ne rabin matsalolin suke tasowa.

Tsohuwar talabijin, idan faɗinta taki huɗu ne, tsayinta taki uku ne. Shi ne ma'anar 4:3. Sabuwa kuwa faɗinta 16 ne, tsayinta 9, wato ta fi shimfiɗa, kamar dardumar salla da aka kwantar a kaikaice. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Kerns Powers ne ya ba da shawarar wannan awo na 16:9 a 1984, domin ya zama tsaka-tsaki tsakanin hoton talabijin da na silima, wanda ya fi duka faɗi. To me zai faru idan aka zuba hoto mai 4:3 a cikin gilashi mai 16:9? Hanyoyi uku ne kawai, kuma ko wacce da abin da take ci.

Ta farko, a bar hoton yadda yake. Zai cika tsayin gilashin, ya ɗauki kashi uku cikin huɗu na faɗinsa, a ga baƙin shafi dama da hagu. Wannan ita ce gaskiyar hoton, amma ita ce mai gida ya fi ƙi. Yakan ce ya biya kuɗin gilashi duka, don me za a ba shi rabi. Sai yaro ya ɗauki rimot ya bi hanya ta biyu, wato ya ja hoton ya cika. A nan kowane abu yana ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Malamin da muka sani siriri ne sai ya koma kakkaura, ƙwallon da Hilal da Marrikh suke bugawa ta koma ƙwai, Ka'aba kuma ta fito a baje kamar an danne ta daga sama. Abin mamaki, bayan mako guda ido yakan saba, har idan aka gyara sai mutanen gida su ce yanzu ne aka ɓata. Hanya ta uku ita ce a zuƙo hoton, a ƙara girmansa ta ko'ina har ya cika faɗin. Siffar mutane ba ta lalacewa, amma kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton yana tafiya, rabi a sama rabi a ƙasa. A sama rawani ne yake tafiya. A ƙasa kuwa rubutun labarai mai gudana ne, da fassarar aya, da sunan mai magana, wato ainihin abin da aka kunna talabijin domin a gani. A ra'ayinmu hanya ta farko ce daidai, kuma muna roƙon masu gida su daure mata. Baƙin shafin nan ba ya cutar da gilashin. A zamanin filasma ta gaskiya akwai ɗan tsoron hakan, amma manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun wajen 2014, kuma abin da muke kira filasma a kasuwa yau kusan duka LED ce.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya shafi gidajen da tsohuwar talabijin ta tsira, watakila don ɓarayi sun raina ta. Yawancin tashoshin yanzu suna aiko da hoto mai 16:9. A tsohon gilashi, ko dai a ga baƙi sama da ƙasa, wanda shi ne daidai, ko a ga mutane sun miƙe dogaye sirara kamar goruba. Fina-finan silima kuwa, waɗanda awonsu ya kai 2.39 a kan 1, ko a sabuwar talabijin sai sun bar baƙi sama da ƙasa. Ba lalacewa ba ce, haka aka ɗauke su.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne a wuri biyu ake saita wannan awo, a cikin dikoda, wadda mutanen nan suke kira dijital, da kuma a cikin talabijin kanta. Idan dikoda tana zaton tsohuwar talabijin take yi wa aiki, za ta sa baƙi sama da ƙasa, sannan sabuwar talabijin ta ƙara nata dama da hagu, sai a sami ɗan hoto a tsakiya kamar kan sarki a jikin ambulan. Maganin shi ne a fara da dikoda. A shiga saitinta, a gaya mata talabijin ɗin 16:9 ce, a zaɓi ta bar tsofaffin shirye-shirye da baƙin gefe. Sannan a koma talabijin a sa ta a 16:9 ko a kan zaɓin da yake barin hoto yadda ya zo. Mai karanta Faransanci zai sami wurin da sunan Format d'image, mai karanta Larabci kuma nisbatul ardi ilal irtifa'i. Idan an yi wannan sau ɗaya, a ɗora rimot inda hannun yara ba ya kaiwa.

Kafin mu bar batun awo, ga wani lissafi da mai shago ba zai yi muku ba. Inci da ake faɗa, daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Tsohuwar talabijin mai inci 29 tsayin fuskarta ya kai wajen santimita 44, amma sabuwa mai inci 32 tsayinta santimita 40 ne kacal. Wanda ya rasa mai 29 ya sayi mai 32 yana zaton ya ƙaru, sai ya ga fuskar mai karanta labarai ta ragu. Idan aka kunna mata tsohon kaset ba tare da ja ba, hoton bai wuce na talabijin mai inci 26 ba. Wanda yake so ya mayar da abin da ya saba gani, sai ya duba daga inci 40 zuwa 43.

Yanzu sai igiyoyi. Mafi tsufa a gidajenmu ita ce mai kai uku: ruwan ɗorawa, fari da ja. Mai ruwan ɗorawa ce kaɗai take ɗaukar hoto, sauran biyun sauti ne, na hagu da na dama. Ta cikin wannan siririyar waya ɗaya ake cusa haske da launi a haɗe, kuma ba ta iya ɗaukar fiye da tsarin PAL, wanda Sudan da Nijeriya suka yi amfani da shi, mai layuka 576 da ake gani. Cikakken hoto mai tsabta kuwa layuka 1080 ne, ko wanne da ɗigo 1920, jimla ɗigo sama da miliyan biyu, wato kusan ninki biyar na tsohon. Saboda haka wanda ya sayi sabuwar talabijin da sabuwar dikoda, sannan ya haɗa su da igiya mai kai uku, ya sayi doki ne ya ɗaure shi a turke. Hoton ma yakan fi na da muni, domin babban gilashi yana tona duk aibin da ƙaramin yake rufewa. Mun sha ganin an mayar da talabijin shago ana rigima a kan cewa jabu ce, alhali laifin na igiya ne.

Akwai wata mai kama da ita wadda kawunanta kore, shuɗi da ja ne, da ƙarin fari da ja na sauti. Ita tana iya ɗaukar hoto mai tsabta, amma ta fara ɓacewa daga sababbin kaya. Abin lura kawai shi ne ja biyu ne a cikinta, idan aka musanya su sai launi ya birkice, lasifika ta kama gurnani. 'Yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram sun san wata kuma, mai faffaɗan kai da haƙora 21, wadda ake kira péritel. Faransa ce ta tilasta sa ta a jikin talabijin a 1980, shi ya sa ta cika kayan da ake kawowa daga Turai. Ta fi mai kai uku kyan launi, amma ita ma a layuka 576 ta tsaya.

Igiyar da ya kamata a nema ita ce HDMI. Ta fito a ƙarshen 2002, tana da haƙora 19 a cikin ɗan kai guda, kuma tana ɗaukar hoto da sauti tare, ba sai an ƙara wata ba. Bambancinta da na baya shi ne lissafi take aikawa, lambobi zalla, ko su isa ko kada su isa. Wannan yana da amfani ga aljihu. Igiyar HDMI mai araha, idan lafiyarta ƙalau, hoton da za ta kawo daidai yake da na mai tsada wadda aka shafa wa ruwan zinariya. Ba a samun ja ya fi ja ko fari ya fi fari don an ƙara kuɗi. Idan ta lalace kuma ba ta ɓoyewa: za a ga ƙananan fararen ɗigo suna walƙiya, ko hoton ya ɗauke ya dawo. Ga mita ɗaya ko biyu tsakanin dikoda da talabijin, a sayi mai kauri daidai wadda kanta yake kama rami da kyau, a gwada ta a shagon. Sai tazara ta doshi mita goma, kamar a makaranta ko zauren taro, ingancin igiya yake zama abin damuwa. Lambobin 2.0 da 2.1 da ake rubutawa a kwali, na 2013 da na 2017, sun shafi masu hoton 4K ne da 'yan wasan kwamfuta.

Bayan an soka igiyar akwai sauran aiki biyu. A danna maɓallin zaɓen mashiga a rimot ɗin talabijin, a tsaya a kan lambar ramin da aka soka, HDMI 1 ko HDMI 2, domin da yawa daga cikin masu cewa ba ta kawo hoto a nan suka tsaya. Sannan a koma saitin dikoda a ɗaga abin da take fitarwa daga 576 zuwa 1080, a kuma zaɓi 50, ba 60 ba, saboda tashoshin wannan yanki a kan 50 suke tafiya. Idan ɗaya daga cikin ramukan an rubuta masa ARC, wannan shi ne wanda ake haɗa lasifika ta waje da shi.

To, ko da an yi duk wannan, tashar da take aiko da tsohon hoto ba za ta koma sabuwa ba. A Nilesat, wanda yake a daraja 7 yamma, da Arabsat a daraja 26 gabas, inda kwanukan Khartum suka fi fuskanta, tashoshi da yawa har yanzu ba masu tsabta ba ne, wasu kuma suna da biyu, tsohuwa da wadda aka rubuta wa HD. A nemi ta biyun. Tsohuwar dikoda ba ta ganin ta, sai wadda aka rubuta DVB-S2 a jikinta. Wannan ne ma ya sa ba mu ba iyali mai ƙaramin ƙarfi shawarar ƙara kuɗi don 4K. Tashoshin kyauta masu irin wannan hoto ƙalilan ne, kuma a gilashi mai inci 43, wanda ya zauna nesa da mita biyu idonsa ba ya rarrabe ta da 1080. A ɗakunanmu kuwa, inda ake jera gadaje a jikin bango a zauna, tazarar takan kai mita uku. Gara a lura da ƙasa: da yawa daga cikin masu inci 32 ɗigonsu 1366 a 768 ne, ba cikakken 1080 ba. A wannan girman ba laifi ba ne, amma kada a biya kuɗin cikakke.

Igiyar da aka fi mantawa da ita ita ce wadda take saukowa daga kwano. Sunanta RG-6, mai waya guda a tsakiya da saƙar ƙarfe a kewaye. Ba hoto kaɗai take ɗauka ba, dikoda tana tura wuta ta cikinta, bolt 13 ko 18, zuwa ga idon da ke gaban kwanon. Idan silin saƙar guda ɗaya ya taɓa wayar tsakiya, tashoshi duka sukan ɗauke, wani lokacin dikodar ta ƙone. Don haka a kashe ta daga soket kafin a murɗa ko a kwance. A gidajen da aka bari shekara biyu, rana ta riga ta gasa robar, ƙurar habub ta shiga mahaɗa, saboda haka kada a yi jayayya da mai gyara idan ya ce a sake ta. Wanda yake so ya san ko jan ƙarfe ne zalla ko baƙin ƙarfe da aka shafa, ya kara maganaɗisu a wayar tsakiya. Idan ya kama, shafe ne. Yana aiki ga ɗan gajeren nisa, amma daga saman bene mai hawa uku jan ƙarfe ya fi.

Ga iyalan da kasetin bidiyo ko faifan VCD na auren iyaye ya tsira, wannan dukiya ce, musamman inda hotunan takarda suka salwanta. Sababbin talabijin da yawa ba su da ramin ruwan ɗorawa. Akwai ɗan akwati da ake sayarwa wanda yake juya mai kai uku zuwa HDMI. A duba rubutun jikinsa da kyau, domin hanya ɗaya yake bi, kuma akwai ɗan'uwansa mai kama da shi wanda yake yin akasin haka. Ba zai ƙara wa hoton kyau ba, VCD ɗigo 352 ne a 288, amma zai nuna fuskar kaka. A bar shi a 4:3, kuma a nemi wanda zai kwafe shi cikin kwamfuta tun kafin zafi ya ci kasetin. Haka nan matasa masu ɗaukar walima da waya, ku kwantar da ita. Hoton da aka ɗauka a tsaye bai cika ko kashi ɗaya cikin uku na faɗin talabijin ba.

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba. A lokacin yaƙin an buɗe kasuwanni da mutane suka laƙaba wa sunan kasuwar Dagalo, inda ake sayar da kayan da aka kwaso daga gidajen jama'a, kuma waɗannan kaya ba su ɓace daga hannun 'yan kasuwa don an tashi kasuwannin ba. Talabijin ta hannu wadda ba kwali, ba rimot, ba ƙafa, an yanke igiyar wutarta, kuma kuɗinta ya yi ƙasa fiye da kima, tana faɗin tarihinta da kanta. Mai yiwuwa ta maƙwabcinka ce wanda har yanzu yake Alƙahira yana jiran kuɗin mota. Ba ma cewa duk kayan hannu na sata ne, mutane da yawa sun sayar da nasu don su ci abinci. Amma a tambayi asali, a nemi rasit mai ɗauke da lambar da ke bayan talabijin, kuma idan zuciya ba ta kwanta ba a bar ta. Hukuncin sayen abin da aka san na ƙwace ne ba ɓoyayye ba ne ga masu karanta wannan mujalla.

Saura wuta. Lantarkin Sudan bolt 230 ne, amma tun da jirage marasa matuƙa suka kai hare-hare a tashar madatsar Marawi a 2025, aka kuma lalata taransifomomi da yawa a cikin birni, wutar takan zo da rauni ta koma da ƙarfi. Dawowarta ce take kashe kaya. A sa wa talabijin da dikoda na'urar da take jinkirta wuta na 'yan mintoci bayan ta dawo, irin wadda ake sa wa firji. A duba takardar bayan talabijin a ga an rubuta 100 zuwa 240. Wadda aka kawo daga Saudiyya ko Dubai takan zo da filogi mai faffaɗan haƙora uku, a saya masa mahaɗi mai kyau maimakon a yanke shi a cusa tsiraran wayoyi a soket. Ga masu sola, LED mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, don haka batir ɗaya yana riƙe ta tare da dikoda daga magariba zuwa bayan labarai. A gidan da wayoyinsa ba su da ta ƙasa, kamar yawancin waɗanda aka gyara cikin gaggawa, a cire filogin talabijin da na dikoda duka biyu kafin a soka ko a zare HDMI, domin ramin nan idan ya ƙone ba a gyara shi shi kaɗai, galibi sai an sake allon ciki gaba ɗaya, kuma kuɗinsa yakan kusanci rabin na sabuwa.